Sito cike, injuna ba sa hutawa, amma kaya ba sa fita a kan lokaci

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ne mai tsara aiki a wata ƙaramar masana'anta da ke ƙera kabad da durowa na ƙarfe, mu kusan 60 ne. Sitonmu cike yake da kaya, injuna ba sa hutawa, ma'aikata kullum sai sun ƙara awoyi, amma da wuya mu kai wa kwastoma kayansa ranar da muka yi alkawari. Sai mu ce mako 2, abu ya kai mako 4 ko 5. Maigidanmu ya ce rashin manhajar ERP ne, wato manhajar kwamfuta ta tsara ayyukan kamfani, yana so a saya. Ita ce maganin, ko ƙarin inji muke buƙata?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda sito cike, da injuna a kan aiki, da ma'aikatan da ba sa zama, suka haɗu wuri ɗaya da saɓa alkawari. Sannan kana so ka san inda ya fi dacewa a zuba kuɗi, manhaja ko inji.

Shawarata ita ce kada ku sayi ko ɗaya tukuna. Na daɗe a wannan aiki, kuma abubuwa ukun da ka lissafa a matsayin shaidar ƙoƙarinku, a yawancin wuraren da na shiga su ne ciwon da kansa. Masana'antar da kowane inji ke ruri daga safe har yamma, kuma ba a samun wurin taka ƙafa saboda kayan da aka fara ba a gama ba, kusan kullum tana sakin aiki ne fiye da abin da za ta iya haɗiyewa. Kafin in kai ga dalili, bari mu duba abin da manhajar da maigidanka yake so take yi, don ka san me za ta iya ɗauke muku.

Lissafin da manhajar take yi

Duk tsarin samar da kaya, a takarda ne ko a kwamfuta, yana farawa da babban jadawali, wato me za a fitar, guda nawa, a wane mako. Daga nan sai jerin kayan haɗi: kabad ɗaya yana cin fallen ƙarfe kaza, ƙofa biyu, makulli ɗaya, sukurori kaza, fenti kaza. Sai a duba abin da ke sito da abin da ke hanya, a cire, abin da ya rage shi za a sayo ko a ƙera. Na ƙarshe, a ƙirga baya daga ranar alkawari don a san ranar da za a fara.

A ce kun yi alkawarin kabad 200 a mako na 8, kuma haɗawa za ta fara a mako na 7. Kuna buƙatar makulli 200. Akwai 50 a sito, akwai 60 da za su iso a mako na 5, saura 90. In mai kawo makulli yana ɗaukar mako 4, to dole oda ta fita a mako na 3. Ba wani siddabaru a ciki. Wahalarsa kawai ita ce yawa: kaya iri ɗari biyu, kowanne da kayan haɗi talatin, kuma jadawali yana canzawa kullum.

Mutumin da aka fi danganta wannan hanya da shi shi ne Joseph Orlicky, injiniyan da ya yi aiki a IBM, wanda littafinsa na 1975 ya yaɗa ta da sunan MRP, wato tsara buƙatar kayan haɗi. Abin da ya gano mai sauƙi ne amma ya sauya aikin. Yawan kabad da za a saya daga kasuwa yake zuwa, sai dai a yi hasashe. Yawan makulli kuwa ba ya buƙatar hasashe, da zarar ka san yawan kabad ka san shi. Kafin lokacin, kamfanoni suna sayen kowane kaya ne idan ya sauka zuwa wani adadi, ba tare da duba abin da ake shirin haɗawa ba. A shekarun 1980 aka faɗaɗa tsarin ya haɗa da kuɗi da ma'aikata da injuna, aka kira shi MRP II, sannan a 1990 kamfanin Gartner ya raɗa sunan ERP ga manhajojin da suka tattara dukan ayyukan kamfani wuri ɗaya. Amma a tsakiyar yawancinsu har yau lissafin Orlicky ne ke gudana.

Lissafin nan kuwa yana da makanta guda biyu. Yana ɗauka cewa duk aikin da aka tura, injuna za su ɗauke shi. Yana kuma ɗauka cewa in an rubuta walda tana cin kwana 3, to kwana 3 take ci, ko layi babu kowa ko ya kai bakin ƙofa. Manhajoji da yawa suna da sashen da ke auna ƙarfin injuna, amma sai an ciyar da shi lokutan aiki na gaskiya, kuma a nan ne mutane ke gajiya su bar shi.

Maƙogwaron masana'anta

Kowace masana'anta tana da wuri ɗaya da ya fi ko'ina ƙunci, wanda duk kaya sai sun bi ta cikinsa. Ni maƙogwaro nake kiransa, don komai faɗin baki, abin da maƙogwaro ya bari shi ke wucewa. Eliyahu Goldratt, masanin kimiyya ɗan Isra'ila, shi ya fito da wannan tunani fili a 1984, kuma jigon maganarsa shi ne awa ɗaya da aka rasa a wannan wuri, masana'anta gaba ɗaya ce ta rasa ta, awa ɗaya kuwa da aka tsimi a wani wuri daban ba ta ƙara ko kabad ɗaya.

A irin aikinku kaya suna bin yanka, lanƙwasa, walda, fenti, haɗawa. In da zan yi zato, a fenti zan sa hannu, saboda tandar gasa fenti tana da lokacin da ba ya raguwa ko an yi fushi, kuma kowane canjin launi yana cin lokacin wanke-wanke. Amma kada ka ɗauki zatona. Ka zagaya da safe ka ga gaban wane sashe kaya suka fi taruwa, kuma wane sashe ne masu haɗawa suka fi zaman jira. Ka tambayi wanda ke bin odar gaggawa ina yake yawan zuwa roƙo. Amsoshin nan uku galibi wuri ɗaya suke nunawa.

Idan ka gano shi, sai ka auna abin da yake iyawa da gaske. A ce tanda tana da awa 40 a mako a takarda. Ka cire lokacin ɗumama ta da safe, da canjin launi, da gyara, da kayan da ake sake wa fenti saboda ya lalace. Wataƙila awa 30 za ta rage. In kowane kabad yana cin minti 10 a tanda, ƙarfinku kabad 180 ne a mako, ko da injin yanka zai iya yanka na 400. Yanzu ka je ka tara alkawuran da masu sayarwa suka ɗauka. In sun kai 240 a mako, kowane mako kuna cin bashin kabad 60, a wata ɗaya bashin ya wuce aikin mako guda cur. Ba malalaci ko ɗaya a cikin wannan labari, kuma babu manhajar da za ta mayar da 180 ya zama 240.

Abin da na sha gani shi ne ba wanda ya taɓa yin wannan lissafi. Ana amfani da adadin da mai sayar da inji ya rubuta a takardarsa, ko adadin da aka taɓa fitarwa wata rana da komai ya tafi daidai.

Yadda hana inji hutu ke jawo makara

Nan ne maganar ta fi wuyar karɓa, musamman ga mai masana'anta da ya kashe kuɗi a kan inji, wanda ganinsa a tsaye ke masa ciwo.

Idan mai yanka ya gama aikin yau da azahar, shugaban sashe ba ya so a gan shi a zaune, sai ya ba shi na mako mai zuwa. Ya yanka, a lanƙwasa, a yi walda, duk su je su yi layi gaban fenti. Ƙarfen da aka yanka wa odar mako mai zuwa kuma shi ne wanda odar gobe take buƙata. Layi ya yi tsawo, mai fenti ya rasa wanne zai fara, sai ya zaɓi duk masu launi ɗaya don ya huta da wanke-wanke, ko ya zaɓi na wanda ya fi ɗaga murya.

Akwai wata ƙa'ida da wani masani ɗan Amurka, John Little, ya tabbatar da ita a 1961, kuma ina so ka rubuta ta a bangon ofishinka. Lokacin da kaya ke ɗauka kafin su fita daidai yake da yawan kayan da ke cikin aiki, a raba da yawan da ke fita. In kabad 540 ne a warwatse tsakanin yanka da haɗawa, kuma 180 ke fita a mako, to sabon kabad zai yi mako 3 a ciki. In ka rage na cikin zuwa 270, ba ka taɓa inji ko ɗaya ba, lokaci ya koma mako ɗaya da rabi. Ainihin aikin hannu da ake yi wa kabad bai wuce 'yan awoyi ba, sauran kwanakin duk jira ne. Don haka ka je gobe ka ƙirga kayan da aka fara ba a gama ba, ka raba da abin da kuke fitarwa a mako. Ina kyautata zaton adadin da zai fito ba zai yi nisa da mako 4 ko 5 ɗin da ka ambata ba.

Ga kuma wani abin da lissafin layi ke nunawa. Idan aiki yana zuwa ba a tsare ba, jira a gaban inji ba ya ƙaruwa daidai da yawan aikinsa, tsalle yake yi. A mafi sauƙin lissafi, injin da ke aiki kashi 80 cikin 100 na lokacinsa, kaya suna jiran kamar ninki 4 na lokacin aikin. A kashi 90 ya zama ninki 9. A kashi 95 ya zama ninki 19. Dalili kuwa, injin da aka cika maƙil ba shi da sararin da zai rama lokacin da ya ɓata, ƙaramar tangarɗa ta safiyar Litinin sai ta bi shi har Juma'a. Shi ya sa sassan da ba maƙogwaro ba dole su sami lokacin zama. Zaman nan shi ne abin da za su rama da shi in wani abu ya faru.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami, a wata masana'anta da na yi aiki a farkon sana'ata. Muna makara, sai na ga hikima ce in ƙara kwanaki a lissafi. Aikin da muke ba kwana 10 na mayar da shi 15, don a fara da wuri. Washegari manhaja ta saki odar mako guda gaba ɗaya a kan wadda ke ƙasa, wato wadda aka fara ba a gama ba. Layi ya ƙaru, aiki ya koma cin kwana 18, na sake ƙarawa. Garin neman gira na kusa rasa ido. A lokacin muna manna jar takarda a kan odar gaggawa, kuma na tuna ranar da na tsaya gaban sashen walda na ga kusan kowane keken kaya da jar takarda. Wani dattijon mai walda ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, tunda duk jajaye ne, ka zaɓo min wanda ya fi ja." Daga ranar na daina ƙara kwanaki, na fara rage abin da nake saki.

Abin da muka yi, kuma shi nake ba ka shawara, ba shi da tsada. Muka ƙayyade yawan aikin da zai kasance tsakanin yanka da maƙogwaro. Ba a sakin sabuwar oda sai wata ta fita daga maƙogwaro. Muka bar aikin kamar kwana biyu a jere gabansa don kada ya taɓa zaman jira, muka raba lokacin hutun ma'aikatansa don kada ya tsaya, muka matsar da duba inganci zuwa gabansa don kada ya ɓata lokacinsa a kan kayan da za a yar. Makonni biyun farko sun yi ɗaci, saboda masu yanka suna zaune kuma manya suna kallona. Mun yi amfani da zaman wajen gyaran injuna da koya wa wasunsu aikin maƙogwaro. Daga baya ƙasa ta fara bayyana, kuma kaya suka fara fita cikin kwanakin da aka rubuta.

Sito cike, amma babu abin da ake nema

Cikar sito ba ta nufin akwai kaya, tana nufin akwai wasu kaya. Kabad da ke buƙatar abubuwa 20 ba ya haɗuwa da 19. Ka lura da wannan lissafi: in adadin da ke rubuce na kowane kaya daidai ne sau 95 cikin 100, wanda mutane da yawa za su ce ya yi kyau, yiwuwar dukan 20 su kasance daidai a lokaci ɗaya kusan kashi 36 ce kawai. Wato kusan biyu cikin uku na odarku za su iya cin karo da wani abu da littafi ya faɗa ba daidai ba. Ko ka kai 98 cikin 100, kashi 67 za ka samu. Manhaja kuwa littafin nan take karantawa, ba ta leƙa kanta.

Kurakuran sito ba su cika zuwa daga sata ba, duk da ita ake fara zargi. Daga ƙananan abubuwa suke zuwa. An karɓi sukurori a kwali ana fitar da su ɗai-ɗai. An lalata fallen ƙarfe an ɗauko wani ba a rubuta ba. Masu aikin dare sun buɗe sito da kansu. An canza irin makullin da ake sawa, jerin kayan haɗi yana nan da tsohon, sai a yi ta sayen abin da aka daina amfani da shi. Ƙirga ta ƙarshen shekara ba ta maganin wannan, tana gyara adadi ne ta bar dalilin. Abin da ke aiki shi ne ƙirga kaya goma ko ashirin kowace safiya, masu tsada da masu saurin tafiya a riƙa dawo musu akai-akai, kuma duk inda aka ga bambanci a bi sawunsa a ranar, tun mutane ba su manta ba.

Sai doka ɗaya da nake ganin ta fi kowace saurin biya: ba a fara oda sai an tabbatar da idanu cewa duk kayanta suna nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Odar da aka fara da fatan makulli zai iso ta cinye ƙarfe, ta cinye lokacin tanda, sannan ta tsaya a lungu tana tara ƙura, alhali wata odar da kayanta suka cika tana jira a baya.

Game da kayan ko-ta-kwana, kada a yi musu kuɗin goro a ce kowane kaya a ajiye na wata biyu. Abin da ke ƙayyade su shi ne tsawon lokacin da kaya ke ɗauka kafin su iso, da yadda mai kawowa ke saɓa rana, da irin ɓarnar da rashinsu ke yi. Makulli mai araha da ke zuwa daga nesa kuma babu madadinsa, a ajiye shi da yawa ba laifi. Fallen ƙarfe mai cin jari da ake samu cikin kwana biyu, tara shi ɗaure kuɗi ne kawai. Sau da yawa na tarar da akasin haka, saboda mai saye ya sami rangwame a kan ƙarfe ya cika sito, ƙaramin abu kuma ba wanda ya tuna da shi.

Wani zai ce maka Toyota ba ta ajiye kaya, ku ma ku yi haka. Gaskiya ne injiniyansu Taiichi Ohno ya gina tsarin da ake kira kanban a can tun shekarun 1950, inda sashe ba ya ƙera komai sai na gabansa ya aiko da katin cewa ya ɗauka. Ƙayyade aikin da na faɗa maka a sama ɗan'uwan wannan ne. Amma tsarin yana tsaye ne a kan jadawali mai daidaito da masu kawo kaya na kusa waɗanda ba sa saɓawa, kuma ko a can yana da ranar kuka. A watan Fabrairu na 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke ƙera wa Toyota wani ƙaramin bawul na birki, kuma layukan Toyota a Japan suka tsaya na kwanaki, har sai da wasu kamfanoni da dama suka yi taron dangi wajen ƙera shi. Ka ɗauki rage aikin da ke ƙasa daga wurinsu, amma kada ka kwashe sitonka alhali masu kawo maka kaya ba irin nasu ba ne.

Girman zubi

Akwai ja-in-ja da ba ta ƙarewa tsakanin mai inji da mai tsara aiki. Mai inji yana son zubi babba, wato a yi kaya iri ɗaya da yawa a tashi ɗaya, don kada ya yi ta canza saiti, mai tsarawa yana son ƙarami don kowace oda ta sami shiga. Tun 1913 wani injiniya mai suna Ford Harris ya fitar da lissafin da ke auna kuɗin canza saiti da kuɗin ajiya, kuma har yau ana koyar da shi. Abin da lissafin bai gani ba shi ne odar da ke tsaye a baya tana jiran babban zubi ya ƙare. A sassan da ke da sarari, ku rage zubi ba tare da damuwa ba, lokacin da canjin zai ci dama zamansa za a yi. A maƙogwaro ne kawai canji ke da tsada, kuma a nan ya kamata a haɗa odar launi ɗaya ta kwana biyu ko uku, ba ta wata guda ba. Wani injiniya ɗan Japan, Shigeo Shingo, ya nuna cewa canjin da ke cin awoyi ana iya sauko da shi ƙasa da minti 10, kuma matakin farko ba ya buƙatar sayen komai: duk abin da za a iya shiryawa inji yana aiki, a shirya shi kafin a tsayar da inji. Ka tsaya da agogo ka kalli canjin launi ɗaya, ka rubuta minti nawa aka yi ana neman kayan aiki.

Wa ke ɗaukar alkawari?

Ka ce kuna cewa mako 2. Wa ya yanke mako 2, kuma me ya duba? In mai sayarwa ne ke faɗa don kada ciniki ya kuɓuce, to makararku tun a bakinsa ta fara. Ranar alkawari daga jadawalin maƙogwaro ya kamata ta fito: a duba makon farko da ke da gurbi, a ƙara kwanakin haɗawa da ɗan rara. Allo ɗaya ya isa, kowane mako da gurbi 180, in ya cika ya cika.

Ku kuma daskarar da mako mai zuwa, kada a taɓa shi. Odar gaggawa za ta zo, wani lokaci daga maigida kansa, kuma ba za ka iya ce masa a'a ba. Abin da za ka iya shi ne ka ce, "Ranka ya daɗe, za a yi, amma ga odar mutum uku da ke wannan gurbi, wacce za a ɗaga?" In ana yawan samun irin wannan, a ware mata gurbi tun farko, kamar kashi 10 na mako. Zama ɗaya a mako tsakanin mai sayarwa da mai saye da kai, kowa da adadi ɗaya a gabansa, ya fi rahoto goma amfani.

To manhaja ko inji?

Inji yana da amfani ne kawai in a maƙogwaro aka sa shi, kuma bayan an matse wanda ake da shi. Sau da yawa awa 10 ɗin nan da ta ɓace tsakanin 40 da 30 ana iya dawo da rabinta da kunna tanda kafin ma'aikata su iso da gyara yadda ake canjin launi. Ƙarin awoyi ma a nan kaɗai ya kamata a biya su. In bayan haka alkawura sun ci gaba da fin ƙarfinku, to lissafin sayen inji ya fito, kuma ka sani da zarar kun faɗaɗa fenti ƙuncin zai koma wani sashe, wataƙila walda. Gara ka san wanne ne kafin a biya kuɗi.

Manhaja kuwa ba na ƙinta, na yi aiki da ita shekaru kuma ba zan so in koma takarda ba. In kayanku sun yi yawan da Excel ya fara gagara, ko mutum ɗaya ne kawai ya san yadda fayil ɗin yake, lokacinta ya yi. Amma in aka ɗora ta a kan jerin kayan haɗi mai kuskure da littafin sito da ba a yarda da shi ba, za ta riƙa fitar da oda marasa kan gado da sauri, ma'aikata su daina kallonta, kowa ya koma ƙaramin littafinsa na aljihu. An sayar da kare an sayi biri ke nan. Ka roƙi maigida wata uku: a gyara jerin kayan haɗi na kayan da kuka fi sayarwa, a fara ƙirgar safiya, a auna maƙogwaro, a ƙayyade sakin aiki. Duk wannan aiki ne da masu girka manhajar za su nema daga gare ku ko ta yaya, don haka ba asara.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa daga 'yan layukanka nake magana. In kusan kowace odarku ƙira ce ta musamman, maƙogwaro zai riƙa yawo daga sashe zuwa sashe gwargwadon abin da aka karɓa, kuma allon gurbi 180 ba zai wadatar ba, sai ka auna kowace oda da awoyin da za ta ci a sassa biyu ko uku. Haka nan in makarar daga masu kawo kaya take, ƙayyade aiki zai bayyana matsalar ne kawai, ba zai warkar da ita ba. Hanyar rarrabewa ita ce ka ɗauki odar ƙarshe 30 da suka makara, ka rubuta gaban kowacce abu na farko da ya tsayar da ita: rashin kaya, layi a wani sashe, lalacewar inji, sake aiki, ko an tsallake ta don wata. Ka haɗa da adadi biyu, kayan da ke ƙasa yanzu da abin da ya fita a makonni huɗun da suka wuce. In ka turo min waɗannan, sai mu duba wanne za a fara taɓawa.